Na Cika Wayata da Manhajojin Tsara Lokaci, Amma Ɗinkin Mutane Yana Nan Jibge

Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne a nan Jos, shagona yana wajen Bauchi Road, ɗinkin maza nake yi, ina da yara biyu da nake koya wa aiki. Alhamdulillahi kowa ya shaida hannuna yana da kyau, amma an fi sanina da "sai gobe". Tun kafin azumin da ya wuce wani dattijo abokin mahaifina, wanda tun ina yaron shago yake kawo mini ɗinki, ya kawo shadda mai tsada a yi masa babbar riga. Kullum in na shigo sai in kalli ledar in ce bari in gama wannan ƙaramin tukuna. Har aka shiga goman ƙarshe ban sa mata almakashi ba. Daren Sallah a kan keke na kwana, duk da haka ban kai gare ta ba, da tsohuwar riga ya je Idi. Har yau na kasa ɗaga wayarsa, shaddar kuma tana nan a leda ban yanka ta ba.

Wani abokina ya nuna mini manhajojin tsara lokaci, na sauke su da yawa, na zauna na tsara jadawali awa-awa. Ba a je ko'ina ba ya rushe: ko a ɗauke wuta, ko kwastoma ya zo ya zauna hira, ko a yi rasuwa a unguwa. Yanzu in na buɗe manhaja jan rubutu kawai nake gani na ayyukan da lokacinsu ya wuce, sai gabana ya faɗi in rufe, in koma TikTok da labarin ƙwallo. Matata tana ƙorafin ba na shigowa gida sai tsakar dare. Ga babbar Sallah ta ƙarato. Wace manhaja ce za ta fisshe ni? Ko kuwa lalaci ne kawai a jinina?

Wani tela, daga Jos.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya rufa asiri.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ka barci. Kai ba malalaci ba ne. Malalaci ba ya kwana a kan keke, ba ya kaiwa tsakar dare a shago, kuma nauyin dattijon da ya saɓa wa ba ya hana shi ɗaga waya. Sake duba abin da ka rubuto: duk makonnin da shaddar nan ta yi a leda hannunka bai huta ba. Ɗinki kake ta yi, amma irin wanda ba ya tayar maka da hankali, wandon yaro, rage hannun riga, kaftanin yadi mai araha. Abu ɗaya ka yi ta kewayewa, wato yankan da in ya karkace ba ka da kuɗin sayen wata shaddar, ba ka kuma da idon da za ka kalli mai ita.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan wannan ɗabi'a. A 2013 Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun fitar da nazarin da ya bayyana cewa ɗage aiki gudun ɓacin rai ne na nan take, ko tsoro, ko gundura, ko rashin yarda da kai. Ka kalli ledar, gabanka ya faɗi, ka ce sai anjima, nan da nan ka ji sakayau. Wannan sakayau ɗin lada ne zuciya ta samu, kuma abin da ta samu lada a kansa yau, gobe ma shi za ta nema. Wahalar ba ta je ko'ina ba, gaba ta yi ta jira ka a daren Sallah. Kowace rana ta wuce kuma kunya tana hawa kan tsoron, har ya zama ko kusurwar da ledar take ba ka son kallo.

Na tsaya a nan ne don ka san iyakar abin da manhaja za ta yi maka. Manhaja maganin mantuwa ce. Kai kuwa ko yini ɗaya shaddar ba ta fita ranka ba. To me tunatarwa za ta ƙara wa wanda bai manta ba, in ban da faɗuwar gaba? Shi ya sa jan rubutun nan ya zame maka abin gudu, ka koma TikTok inda babu mai bin ka alƙawari. Ko wadda ta fi kowace tsada ka sauke, muddin abin da ka rubuta a ciki shi ne "ɗinka babbar rigar Alhaji", haka za ka yi ta kallonsa kana wucewa.

Don haka gyaran farko a yadda kake rubuta aikin yake. "Babbar riga" ayyuka ne da yawa aka ƙulle a suna ɗaya, hannu ba ya sanin ta inda zai kama. Warware su. Fito da shadda ka shimfiɗa a tebur. Sake duba awo a littafi. Zana da alli. Yanka. Kai wa mai aikin wuya. Karɓo. Haɗa. Goge. Abin da za ka duba da safe shi ne mataki ɗaya na gaba, kuma ya zama ƙarami ƙwarai, wanda babu hujjar ƙin yin sa. Shimfiɗa shadda a tebur bai kai minti 5 ba, kuma babu asara a cikinsa. Sau da yawa da zarar yadi ya shimfiɗu alli ya shiga hannu, za ka ji tsoron ya sassauta, domin aiki ya fi ban tsoro a hange fiye da lokacin da ake cikinsa. In kuwa ka shimfiɗa ka ji har yanzu hannunka yana rawa, kada ka raina wannan rawar. Mai yiwuwa akwai wani yanka da ba ka gama ƙwarewa a kai ba, kuma maganin wannan a fili yake: ka gwada a yadi mai araha tukuna, ko ka ɗauki shaddar ka je wurin maigidan da ya koya maka ɗinki ku yanka tare. Maigidan kirki daɗi zai ji yaronsa ya dawo neman ƙarin sani.

Akwai matsala ta biyu da ba ka ambata ba, amma na hango ta a bayaninka. Kana karɓar aikin da ya fi ƙarfin lokacinka. Wannan ba ciwon teloli kaɗai ba ne, ko da yake ku aka fi yi wa suna da shi. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi wasu ɗaliban jami'a kwana nawa za su ɗauka kafin su gama kundin kammala karatunsu. A matsakaici suka ce kwana 34. Aka ce to in komai ya dagule fa? Suka ce kwana 49. Da aka zo lissafi, sama da kwana 55 suka ɗauka, kuma kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya gama a lokacin da ya ɗibar wa kansa. Dalilin shi ne in mutum zai yi ƙiyasi, ranar da komai ya tafi daidai yake hangowa, sai ya manta da yadda ayyukansa na baya suka kaya. Kai ma in kwastoma ya ce "zan samu ranar Alhamis?", ranar da wuta ta wuni, babu baƙo, babu rasuwa, zare bai ƙare ba, ita kake lissafi da ita. Irin wannan rana sau nawa take zuwa a wata?

A nan ne waya za ta yi maka amfani na gaske. Mako biyu masu zuwa ka riƙa rubuta lokacin da ka fara kowane ɗinki da lokacin da ka gama shi, har da guga. Ka kuma lura awa nawa hannunka yake kan aiki a rana, in an cire salla da cin abinci da hira da zuwa kasuwar Terminus sayen zare da maɓalli. A ce ka gano riga da wando suna cin awa 5, kai kuma awa 6 na aikin gaske kake samu a rana, kwana 6 a mako. Awa 36 ke nan, wato kaya 7. To kaya 5 za ka yi wa alƙawari. Ka san ɗan rarar yadin da kake bari a cikin ɗinki don in riga ta matse a samu abin buɗewa? Irinta za ka bar wa makonka. Rasuwa za a yi, kuma bin gawa da gaisuwa haƙƙi ne a kanka, ba zan taɓa ce maka ka bar su don ɗinki ba. Ɗan'uwa zai kwanta asibiti. Keke zai lalace. In babu rara a mako, duk abin da ya taso daga alƙawarin wani za ka yanko lokacinsa.

Na san wuyar da ke nan. A al'adarmu ba ƙaramin abu ba ne babba ya miƙo maka leda ka ce babu wuri, ga kuma tsoron ya koma shagon maƙwabci. Amma auna kunyar minti biyu a yau da wadda kake ciki tun Sallah, ka ga wadda ta fi sauƙi. Kuma ba lallai ka ce a'a ba. Buɗe wayar a gabansa ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke gabana. In na karɓa sai ranar kaza zai fito. In ana buƙatarsa kafin nan, gara in faɗi gaskiya tun yanzu." Wasu za su ɗauki ledarsu su tafi, ka yi haƙuri da wannan. Waɗanda suka bari su ne za su riƙa faɗa a majalisa cewa akwai wani tela a Bauchi Road da in ya ce Alhamis, to Alhamis ɗin ce.

Ka kuma tuna a Jos kake, kakar ɗinkinka uku ce: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, sai Kirsimeti da sabuwar shekara, ban da ankon bukukuwa da ke faɗowa a tsakani. Tsakanin Sallolin biyu kwana 70 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma duk shekara suna matsowa da kimanin kwana 11. Tun da babbar Sallah ta ƙarato, yau ɗin nan ka ƙirga ledojin da ke shago, ka raba da abin da kake iya fitarwa a mako. In lissafin ya nuna sun cika kwanakin da suka rage, ka rufe karɓa, ka rubuta a ƙofar shago, ka sa a WhatsApp. Sannan kada ka ƙara karɓar kafin alƙalami a kan aikin da ba ka san ranar fara shi ba. Kuɗin zai tafi a cefane, ranar da ka zo ɗinkin sai ka ji kamar aikin kyauta kake yi, kuma babu aikin da ya fi wannan wuyar farawa.

Yanzu jadawalin da ya rushe. Dole ya rushe. Jadawalin awa-awa ya fi dacewa da wanda yake da iko da awanninsa, kai kuwa wuta ce take yanke maka hukunci. Ko a rabon da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta yi, rukunin A ne kaɗai aka ware wa aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, tayar da janareta ya zama sai an yi lissafi. Wanda ya rubuta "guga ƙarfe goma" a irin wannan hali, alƙawari ya yi da abin da ba ya hannunsa.

Kana da tsarin da ya fi wannan ƙarfi, kuma tun kana yaro kake bin sa, wato lokutan salla. Raba yininka da su: daga buɗe shago zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba. Kowane zango ka ba shi babban aiki ɗaya. Uku ke nan a rana, kada ka ƙara, taura biyu ma ba ta taunuwa balle goma. Alherin wannan tsari shi ne in safiya ta lalace yinin bai lalace ba. Ka yi alwala, ka yi azahar, ka dawo ka kama zango na biyu kamar yanzu gari ya waye. A jadawalin awa-awa kuwa in ƙarfe tara ta kuɓuce sai ta ture ta goma, ta goma ta ture ta sha ɗaya, kafin azahar mutum ya yanke ƙauna ya ce yau dai ta tafi.

Sai ka raba ayyukan shago gida uku, ka yi musu alama a manhaja. Akwai na wuta: guga da duk abin da injin lantarki yake yi. Akwai na babu wuta: awo, zane, yanka, keken ƙafa in kana da shi, zuwa kasuwa, kai kaya wurin mai aiki. Akwai kuma na hira, wato wanda hannu zai yi baki yana magana, kamar sa maɓalli, datse zare, ninke kaya a leda. Da wannan, baƙon da ya zo ya zauna bai cinye maka lokaci ba, kai kuma ba ka kore shi ba. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da wani yanayi takamaimai, ya ce "in kaza ya faru zan yi kaza", ya fi cika ta a kan wanda ya ce "zan yi" kawai. A wani gwaji da shi da abokiyar aikinsa suka wallafa a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoto a lokacin hutun Kirsimeti. Mafi yawan waɗanda suka faɗi tun farko yaushe da kuma a ina za su zauna su rubuta sun cika, a cikin sauran kuwa kusan ɗaya cikin uku ne kawai. To kai ma haka za ka ƙulla: in an kawo wuta, dutsen guga zan fara jonawa. In an ɗauke, tebur zan koma in yi yanka. In na idar da la'asar, ledar wane zan buɗe. Ka ga ɗauke wuta ya daina zama dalilin ɗaukar waya.

Zangon safe ka ba shi aikin da ka fi tsoro. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, ya kuwa yi arziki. Da safe ido bai gaji ba, masu zuwa hira ba su fito ba, haske yana da kyau don zane. Na san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, lokacin da yatsu ke ƙagewa da asuba. A irin wannan lokaci ka jira hantsi ya ɗaga, babu laifi. Sharaɗin dai shi ne yanka mai wuya ya riga buɗe WhatsApp.

Game da wace manhaja, ɗaya za ka bari, sauran ka goge su yau. Sauke manhaja da gyara mata launi da jera mata ayyuka shi ma wata hanyar ɗage aiki ce, mai daɗi ma kuwa, don mutum yana jin kamar yana ƙoƙari. Todoist da TickTick suna da kyau, kuma suna da ɓangaren kyauta. Amma don aikinka Google Keep na fi zaɓar maka. Kyauta ce, tana buɗewa ko babu data, kuma tana ba ka damar buɗe wa kowane ɗinki katinsa: ka ɗauki hoton yadin, ka rubuta sunan mai shi, ka jera matakan a ƙasa kana soke su ɗaya bayan ɗaya, ka sa alamar wuta ko babu wuta. Za ka iya raba katin da yaran shagonka in suna da waya, kowa ya san abin da ke kansa ba sai an jira ka ba. A kowane kati rana biyu za ka rubuta: ranar da ka faɗa wa mai kaya, da ranarka kai, wadda ta riga ta da kwana uku. Tunatarwar a kan ranarka za ka sa ta. Littafin awonka kuwa kada ka yar da shi, ka dai riƙa ɗaukar hoton shafukansa saboda ruwa ko ɓata.

Tsofaffin jajayen ayyukan nan kada ka kwaso su zuwa sabon wuri yadda suke. Zauna da ledojin a gabanka, ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowace sabuwar rana ta gaskiya, ka sanar da mai ita. Wadda ka san ba za ta samu kafin Sallah ba, ka mayar wa mai ita tun yana da lokacin kai wa wani.

Sai dai ka sani wayar da za ta taimake ka ita ce kuma take sace maka lokaci, kuma TikTok ya fi kowace manhajar tsara aiki iya jan mutum. Kada ka dogara da ƙarfin zuciya. Yawancin wayoyin Android na yanzu suna da Digital Wellbeing a cikin saituna, iPhone kuma tana da Screen Time. Buɗe ka ga awannin da ka ba kowace manhaja a makon jiya, sannan ka sa wa TikTok iyaka, ka kashe sanarwar ƙungiyoyin ƙwallo. Manhajar aikin sau uku kawai kake buƙatar duba ta, a farkon kowane zango. Da ka ga abin da ke gaba, waya ta shiga aljihun tebur. Ranar da farawa ta gagara, ga dabarar da wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 da agogon kicin: aiki na minti 25 ba tare da taɓa komai ba, sai hutun minti 5. Ni don farawa kawai nake so ka yi amfani da ita. Ka ce wa ranka minti 25 ne, in sun cika ina da damar tashi. In ƙararrawa ta kaɗa kana tsakiyar yanka, ci gaba da abinka, ba a tsayar da almakashi a tsakiyar shadda don agogo.

Za ka yi tuntuɓe, wannan babu makawa. Wata rana za ta wuce ba ka taɓa ko ɗaya cikin ukun ba. Abin da za ka yi washegari shi ne muhimmi. A 2010 an yi wani bincike a Jami'ar Carleton da ke Kanada a kan ɗaliban da suka yi sakaci da karatun jarrabawar farko. Waɗanda suka yafe wa kansu sun fi rage jinkiri a jarrabawa ta biyu, domin wanda yake ta zagin kansa a kan aiki ƙara ƙin aikin yake yi. Yafe wa kai ba ya nufin wanke kai daga laifi. Ka amsa ka yi kuskure, ka nemi gafara, ka gyara abin da zai gyaru, ka tashi. Ka san hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Duk ranar Alhamis kafin ka rufe shago ka ɗauki minti 15 ka duba katunan: me ya fita, me ya maƙale, wa ya kamata a kira. Wanda aikinsa zai makara, kai za ka riga shi kira.

Saura dattijon nan. Maganarsa ta wuce batun manhaja, haƙƙi ne da amana, kuma ina ganin nauyinsa yana cikin abin da yake danne maka hannu a sauran ayyukan. Kada ka jira sai rigar ta kammala kafin ka fuskance shi, wannan ma wani ɗagewar ne. Kada kuma ka yi ta waya. Abokin mahaifinka ne, uba ne. Ka taka da ƙafarka zuwa gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na yi laifi, ba ni da hujja. Tsoron kada in ɓata shaddar ne ya sa na yi ta jinkiri, daga baya kunya ta hana ni ɗaga waya. Rigar za ta iso ranar kaza in Allah ya yarda." Kada ka ɗora wa wuta, kada ka ɗora wa yaran shago. Ranar da za ka faɗa masa ka lissafa ta da rararta tun kafin ka fita daga shago, kuma rigarsa ce aikin zangon safe har sai ta fita. In da hali ka yafe masa kuɗin ɗinkin. Zai iya yi maka faɗa, kuma yana da gaskiya, ka sunkuyar da kai ka saurara. Mutumin da ya riƙe ka tun kana yaron shago, shirunka ya fi rashin rigar yi masa ciwo.

Ƙorafin matarka ma gaskiya ne, kuma yana da alaƙa da duk abin da muka tattauna. Muddin ka san dare yana nan, safiya ba za ta yi maka daraja ba, kullum zuciya za ta ce ai zan rama da daddare. Ku zauna da ita ku tsayar da lokacin rufe shago, a ce bayan isha'i, in ban da makon ƙarshe kafin Sallah. Ka nuna mata tsarin, ka ba ta izinin tambayarka da daddare ko ukun yau sun fita. Mai kwana a kan keke da safe idonsa ba ya ganin layin alli sosai, daga nan kuskuren yanka yake farawa, daga kuskuren kuma tsoron da ya kawo mu nan.

In ka bi wannan na wata ɗaya ko biyu ka ga babu sauyi, musamman in barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko abubuwan da kake jin daɗinsu da sun daina yi maka daɗi, ko kuma tun kana makaranta hankalinka ba ya tsayawa a kan abu ɗaya, to ka ga likita. Ciwon damuwa da matsalar rashin tattara hankali suna iya fitowa da kamar jinkiri, kuma ana maganinsu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ka je ka yi musu bayani kamar yadda ka yi mini.